Takobin itacen Musashi: karo na uku, nauyi ya zauna kuma karkata ta tafi

Daren jiya bayan sallar isha'i na ɗora takobin itacen da nake sassaƙawa irin na Miyamoto Musashi, shahararren mai takobi na Japan, a kan yatsana, sai ya tsaya cak a santimita 58 daga gindi, kuma da na kai shi gaban fitila na dube shi ta tsawonsa da ido ɗaya ban ga karkata ba, ko dama ko hagu. 'Yan'uwa masu koyon sassaƙa, waɗanda suka san na fara wannan aiki tun ƙarshen damina za su gane abin da ya hana ni barci har na zauna rubuta wannan. Wata biyar ke nan, itace uku, biyu daga ciki sun riga sun shiga murhu, kuma sai yanzu nake riƙe da abin da ba zan ji kunyar nuna wa kowa ba.

Na farko ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Katakon madaci ne na saya a wurin 'yan katako a kan naira dubu 9, an yanke shi da inji ba tare da an bi jijiyar itacen ba, don haka bugu na huɗu a kan tsohuwar taya ya tsage a karkace kamar rake. Na biyu shi ne ya ƙona mini rai. Gungumen marke ne na sayo daga ƙauye, da kuɗin mota ya tasar mini dubu 14, na tsaga shi biyu da ƙarfe domin jijiyar ta tafi miƙe, amma gaggawa ta sa na fara fafe rabi ɗaya yana ɗanye. Hunturu yana shigowa, cikin kwana shida bakinsa ya buɗe, tsagar ta yi ta tafiya har ta wuce taƙi biyu. Ɗaya rabin ne na narka kyandir na shafe masa kai da gindi, na tura shi ƙarƙashin gado na kawar da kai har mako goma, kuma shi ne wannan da ke jingine a gefena. A tsakani marken ya ɓantare bakin gizagona, maƙeri ya karɓi dubu 3 da ɗari 5 kafin ya gyara shi ya sake ba shi ruwa.

Matsalar da ta fi cin lokacina ba daga itacen ta faro ba, daga hoton da ke kaina ta faro. Kowa a cikinmu ya san labarin: a shekarar 1612 Miyamoto Musashi ya haye zuwa wani ɗan tsibiri da ke mashigin ruwa tsakanin Shimonoseki da Kokura, wanda yanzu ake kira Ganryujima, ya iso a makare da gangan, ya sassaƙe filafilin jirgi a kan hanya, sannan ya sauke shi a kan abokin karawarsa Sasaki Kojiro sau ɗaya tak. Wannan siffa ta shiga duniya ne ta hanyar labarin da Yoshikawa Eiji ya riƙa bugawa kashi-kashi a jaridar Asahi daga 1935 zuwa 1939, sai kuma finafinai uku da Inagaki Hiroshi ya shirya tsakanin 1954 da 1956, inda Mifune Toshiro ya fito a matsayin Musashi. Ni a fim na uku na fara ganin abin, kuma tun daga ranar na ƙudurta sai na yi irinsa. Sai dai da na ji an ce filafili, abin da ya zo mini shi ne na masuntanmu mai faffaɗan kai, alhali abin da ake tuƙa ƙananan jiragen Japan da shi dogo ne siriri, ana kaɗa shi daga bayan jirgi. A kan wannan kuskuren fahimta na zana siffar a jikin marken, na bar wa kan faɗin santimita 8.

Da na gama fafewar farko na kai shi sikelin mai awon hatsi, ya ba da kilo 1 da giram 900, kuma wurin da nauyinsa yake tsayawa ya kai santimita 76 daga gindi. A ido ya yi kyau ƙwarai, duk wanda ya shigo gida sai ya ɗauka ya jinjina. Amma da na gwada sara daga sama, sai na ga ba ni nake tafiyar da shi ba, shi yake ja na. Ba ya tsayawa inda na so ya tsaya, ba ya dawowa da wuri, kuma bayan sara talatin wuyan hannuna na dama ya kumbura har na yi kwana huɗu ba na iya riƙe kurfi. A lokacin ne na tambayi kaina yadda mutum zai fuskanci abokin gaba mai riƙe da ƙarfe tsirara da irin wannan taɓarya a hannu.

Wannan tambaya ce ta mayar da ni ga abin da aka rubuta tun da wuri. Musashi ya rasu a 1645, kuma a 1654 ɗan riƙonsa Miyamoto Iori ya kafa masa dutsen tunawa a Kokura. Rubutun da ke jikin dutsen ya ambaci karon, ya ce abokin karawar ya zo da takobi mai tsawon shaku uku a awon Japan, wato kusan santimita 90, shi kuma Musashi ya kashe shi da takobin itace. Babu filafili a ciki, babu makara. Filafilin da makarar sun yi ƙarfi ne a rubuce-rubucen da suka zo daga baya, irin su Nitenki, littafin tarihin rayuwarsa na 1776, shekara 131 bayan rasuwarsa. Shi kansa Musashi, a littafin da ya fara rubutawa a kogon Reigando kusa da Kumamoto a 1643, wanda aka sani da Go Rin no Sho, ya faɗi cewa ya yi karonsa na farko yana ɗan shekara 13 da wani mai suna Arima Kihei, ya kuma yi karo sama da 60 ba a taɓa kayar da shi ba, amma ko sau ɗaya bai ambaci sunan Kojiro ba. Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na mai sassaƙa shi ne takobin itacen da iyalan Matsui suke ajiye da shi a Yatsushiro, wanda ake cewa Musashi ne ya sassaƙa da hannunsa lokacin da aka tambaye shi irin abin da ya riƙe a tsibirin. Tsawonsa kusan santimita 127 ne, kuma siriri ne, bai yi kama da filafili ba.

Daga nan na fahimci cewa tsawo ake nema, domin a riga mai dogon takobi isa, kuma tsawon ba shi da amfani in hannu ba zai iya juya shi da sauri ba. Takobin itacen da ake atisaye da shi a yau kusan santimita 101 ne, don haka ƙarin taƙi guda da 'yan kai ba ƙaramin abu ba ne. Masu siffar filafili da ake sayarwa kuwa an yi su ne don ƙarfafa damtse, ba don karawa ba. Ra'ayina ne, kuma na yarda wani zai iya saɓa mini, cewa wanda ya san rayuwarsa na rataye a kan itace ba zai bari sai yana cikin jirgi mai girgiza sannan ya fara sassaƙa shi ba. Ni da ke zaune a kan tabarma da gizago mai kaifi, awa uku ba su ishe ni fafewa kaɗai ba.

Saboda haka na yanke shawarar rage shi, na bar tsawon a santimita 127, in kankare kan har ya dawo santimita 4. A nan ne ainihin wahalar ta fara. Ranar farko na cire kusan giram 300 daga gefen dama kaɗai, da niyyar gobe in yi na hagu. Da gari ya waye sai na tarar takobin ya lanƙwasa gefe, in aka aza shi a kan siminti ɗan yatsa yana shiga ƙarƙashin tsakiyarsa. Na ɗauka in na cire daidai wannan daga hagu zai dawo, na cire, ya dawo rabi ya tsaya. Na ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfen gado na kwana uku, ina kwancewa ya koma yadda yake kafin a kira azahar. Na jiƙa tsumma na naɗe wurin na gasa shi a kan garwashi ina dannawa da gwiwa, ya miƙe har na yi murna, bayan kwana biyu ya sake komawa, ga kuma tabon wuta a bayansa. Wallahi a wannan makon na yi niyyar jefa shi inda na jefa 'yan'uwansa.

Abin da ban gane ba shi ne mako goma sun busar da fatar marken ne kawai, cikinsa da sauran laima. Duk lokacin da na buɗe gefe ɗaya, iskar hunturu sai ta shanye wannan gefen ya tsuke, ya jawo itacen wajensa, ga kuma ɗaurin da ke cikin jijiyar tun yana tsaye a daji, wanda yake saki a hankali yayin da ake rage nama. Wani dattijo mai sassaƙa ƙota da turmi a unguwarmu ne ya buɗe mini ido. Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne, ya ce, "Yaro, wannan bai gama magana ba, kai kuma kana ta katse shi." Na ce, "Baba, to yaya zan yi?" Ya ce in daina tilasta masa, in bar shi ya tafi inda zai tafi, sannan in nemo miƙaƙƙen layi a cikin abin da ya rage.

Haka na yi, kuma ga yadda abin ya kasance ga mai son gwadawa. Na naɗe shi a buhun algarara na ajiye a ƙuryar ɗaki mako biyu ban taɓa shi ba. Bayan nan na kafa ƙananan ƙusoshi biyu a kai da gindi, na turmuɗa zare a garin gawayi, na ja shi ya yi tauri na ɗalle shi a gadon bayan takobin, sai ya bar baƙin layi miƙe sak wanda bai bi tsakiyar itacen ba: a ciki ya kauce da kusan milimita 6. Wannan layin na ɗauka a matsayin sabuwar tsakiya. Na ajiye gizago gaba ɗaya, na koma magagari da fasasshiyar kwalba, kuma na sa wa kaina doka cewa ba zan cire fiye da giram 60 a zama ɗaya ba, rabi dama rabi hagu, sannan in mayar da shi buhu na kwana biyu, in sake ɗalle zaren kafin in ci gaba. Zama uku na farko layin ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. A na biyar ya matsa abin da bai kai kaurin farce ba. Daga na bakwai bai ƙara motsi ba. Abin da ya cece ni shi ne faɗin nan na santimita 8 da na bari bisa kuskure, domin da tun farko siriri na yanke shi, da babu naman da zan nemo sabon layi a ciki.

Ana cikin haka na sake karanta sashen farko na littafin Musashi, inda ya kwatanta mayaƙi da kafinta, yana bayanin yadda babban kafinta yake ware itace: miƙaƙƙe marar ƙulli ya tafi ginshiƙin gaba, mai ɗan aibi amma mai ƙarfi ya tafi inda ido ba ya kaiwa, mai rauni ya zama abin takawa, daga baya makamashi. A sashe na huɗu kuma ya soki makarantun da suka dogara ga dogon takobi kawai. Mutumin da na tarar a waɗannan shafuka, wanda ya ƙare rayuwarsa baƙo a wurin gidan sarautar Hosokawa na Kumamoto tun 1640 yana zane da tawada yana koyarwa, ya fi kama da mai sana'a mai auna komai fiye da gagararren matashin da Inoue Takehiko ya zana a labarin zanensa mai suna Vagabond tun 1998. Ina ƙaunar wannan zane matuƙa, kuma har yanzu ina jin takaicin tsayawarsa a 2015 kafin labarin ya kai tsibirin, amma ba daga gare shi zan sake ɗaukar awo ba.

Yanzu nauyin ya tsaya a kilo 1 da giram 40. Faɗinsa a mariƙi santimita 4 ne ba kaɗan, yana sirancewa zuwa 3 a baki. Yau da asuba na yi sara hamsin a tsakar gida, yana tsayawa daidai goshi duk lokacin da na tsayar da shi, yana kuma yin wani siririn fito a iska wanda na farkon bai taɓa yi ba. Da hannu ɗaya har yanzu ya fi ƙarfina, sara takwas na iya kafin kan ya fara faɗuwa, kuma ban sani ba ko laifin itacen ne ko na damtsena.

Saura abu biyu da ke damuna. Tabon wutar nan ya shiga fiye da yadda na zata, in na bi shi da kwalba har ya ɓace zan taɓa layin bayan da na sha wahalar samu, don haka ina ganin zan bar shi. Sannan akwai wata 'yar tsaga kamar gashi a gindi, tsawon rabin yatsa, wadda na cika da gam da garin marken kansa, na yi mata alama da fensir don in ga ko za ta wuce. Na shafa man kaɗe shafin farko da yammacin nan, launin ya koma kamar zuma mai duhu. Wanda ya taɓa shafa wa marke man kaɗe a lokacin zafi ya gaya mini ko yana yin danƙo a hannu, domin ba zan yi shafi na biyu ba sai na ji daga gare ku.