Motar da na saya jiya

Wata uku ina zagayen dillalai da ɗan kuɗin da na tara. Ranar Asabar na ga wata Honda tana sheƙi, raina ya biya. Allah Ya sa na tafi da bakanikena. Ya buɗe murfin mai, sai ga kumfa fari kamar madara, ya ce, "Yallaɓai, ruwa na shiga injin nan, mu tafi." Wallahi har zuciyata ta sosu.

Jiya na karɓi Corolla ƙirar 2004. Fentinta ya koɗe, kujerar direba ta yage, amma ba ta hayaƙi, giya lafiya lau, lambar jikinta ta yi daidai da takardun kwastan, kayan gyaranta kuma birjik a Ƙofar Ruwa. Alhamdulillah. Ku taya ni addu'a.