Ranar da na ji sunan Hausa a wani kantin ƴan Brazil a Landan

Zaman jegon yayata ne ya kai ni Ingila, daga Kano na shiga Abuja, daga nan jirgi ya sauke ni Heathrow da asuba ana wani irin sanyi da yake shiga har ƙashi. Sati biyu ina gida ban leƙa ko ina ba, daga wankan jariri sai dama kunun kanwa, sai ranar wata Asabar Yaya ta ce ranta garin kwaki yake so, wai in hau bas mai lamba 18 in sauka unguwar Harlesden wajen agogon nan na Jubilee, akwai shagunan ƴan Afirka birjik.

To ni dai ban kai shagon da ta kwatanta min ba. Yayyafi ne ya sauko, na fake a ƙofar wani ɗan kanti mai tutar kore da rawaya, ƙamshin manja da ake soyawa ya daki hancina, wallahi sai na ji kamar a Sabon Gari nake, kawai na tura ƙofa na shiga. Ashe kantin ƴan Brazil ne, a unguwar suna da yawa sosai. Wurin ba wani girma, layin kanta biyu ne da firiza, can ciki kuma tebura huɗu da wata ƴar taga da ake miƙo abinci.

Abu na farko da idona ya faɗa kai leda ce an rubuta farinha de mandioca. Na ɗauka na juya na murza ta cikin ledar, gari ne, garin rogo sak, sai dai ya fi namu laushi kuma da na ɗanɗana a gida ba shi da tsamin nan. Kusa da shi kwalaben manja, su dendê suke ce masa, ga kuɓewa ɗanya a kwando, ga farin wake mai baƙin ido. Amma abin da ya tsayar da ni wani dunƙule ne ruwan ƙasa mai tauri a naɗe, rapadura. Na kai hanci. Mazarƙwaila! Irin dai wadda kakarmu take fasawa da muciya ta jefa a koko, ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, ba wani bambanci ko kaɗan. Na daɗe riƙe da ita a hannu ina tuna tsohuwar nan, Allah ya jiƙanta.

Matar da ke wurin, dattijuwa ce baƙa mai fara'a, ta ce in zauna in ci wani abu kafin ruwan ya tsagaita. Ranar feijoada suka yi, baƙin wake ne da nama, kowa a wurin ita yake ci. Na ce mata Mama ni Musulma ce, akwai alade a ciki? Ba ta ɓoye min ba, ta ce akwai, har farofa, wato soyayyen garin rogo, da ke kan tebur ta janye daga gabana wai da kitsensa aka soya, ta ce bari ta kawo min kifi. Wannan gaskiyar tata ta burge ni matuƙa, don ba kowane mai sayar da abinci zai yi haka ba.

Moqueca ta kawo min a wata ƴar tukunyar ƙasa tana tafasa, kifi ne da tumatur da albasa da tattasai, an dafa da madarar kwakwa da manja, ga farar shinkafa, ga kuma wani abu mai kauri da ake kira pirão, garin rogo ne aka tuƙa da romon kifin, kamar teba mai ruwa ruwa. Yaji ne dai bai kai min ba sai da ta ƙaro min barkono a cokali. Na kora da lemonsu na Guaraná Antarctica mai sanyi duk da sanyin garin.

Ina cikin ci ta tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya, ta ce Yarbawa? Na ce a'a, Bahaushiya. Sai ta ajiye tsumman hannunta ta ce hauçá? Wai ita ƴar Salvador ce a jihar Bahia, kuma a garinsu akwai abincin da ake kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa, ana dafa shinkafar ta yi luguf har ta kama jikinta a ci da busasshen nama. Na ce Mama ai tuwon shinkafa kike faɗa min! Tsigar jikina sai da ta tashi, don na san Hausawa na cikin waɗanda aka kwasa bauta zuwa Bahia, kuma suna cikin Musulman da suka yi bore a Salvador a 1835 cikin watan azumi, amma ban taɓa zaton sunanmu ya zauna a tukunyar mutanen can har yau ba. Ta ce acarajé ɗinsu ma da farin waken nan ake yi a soya a manja, na ce ƙosai kenan.

Na sayi garin leda biyu, mazarƙwaila uku, da pão de queijo na firiza, ƴan dunƙulen burodi ne na sitacin rogo da cuku, ta kuma sa min paçoca guda biyu gyara, wani alawar gyaɗa mai narkewa a baki. Da na koma gida Yaya ta jiƙa garin da madara ta fasa mazarƙwailar a kai, ta sha ta ce ba tsami amma ya yi, sai ta ce ran Asabar mai zuwa in koma in roƙi matar ta dafa mana shinkafar Hausan nan da naman halal da za mu kai mata mu gani.