Ƴan Aikin Rana a Sana'ar Girkin Biki

Duk mai girkin biki a Damagaram ta san irin wannan safiyar: an hura wuta, tukwane na bisa murhu, amma cikin mata shida da aka yi magana da su, huɗu kaɗai suka zo. Galibi ba ƙyuya ba ce, tun wajen ɗaukar su aka yi kuskure.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne kwaso ma'aikata daga gida ɗaya ko unguwa ɗaya. Rasuwa guda ko suna guda sai ya ɗauke miki su baki ɗaya, kuma ba ki da bakin magana, don zumunci ya fi ƙarfin jika biyu. Ki raba ƙafa: biyu daga Birni, biyu daga Zango, sauran daga Garin Malam. In aikin na mutum shida ne, ki yi magana da takwas. Da damina ma ki ƙara, saboda gona na janye mutane.

Sai kuɗi. Kada a ba da lada gaba ɗaya tun kafin aiki. Kuɗin kabu-kabu ya isa, a kuma kira waya da daren jajibiri a ji daga bakinta. Amma in an gama, a sallame ta a ranar, da ɗan abincin da za ta kai wa yara. Wadda aka ce wa "dawo jibi" ba za ta sake ɗaukar kiranki da muhimmanci ba, kuma tana da gaskiya.

Tukunyar shinkafa ba ta baƙon hannu ba ce. Buhu mai kilo 25 na ciyar da mutum wajen 150, in ya caɓe ko ya kama ƙasa, babu gyara. Gishiri, ruwa da rage wuta su zauna hannun wadda kika daɗe da ita. Sabuwa a ba ta yankan albasa, gyaran kayan miya, wanke-wanke, abin da ko ta tafi wata za ta ɗora.

Nama da mai kuwa a ƙidaya su a gaban kowa kafin a ɗora, hakan na kare mai gaskiya daga zargi.

Ruwa ma ma'aikaci ne a garin nan. A cika tano-tano tun jiya, don in famfo ya ɗauke kuma ɗan ga-ruwa ya saɓa alkawari, mata biyu za su bar murhu su tafi nema da jarka a ka.