Sitiyarin Ja ya hau, amma raina bai kwanta ba

Asabar, da dare.

Sitiyarin ya hau. Na fara da wannan ne saboda waɗanda suka ishe ni da "yaushe za ka ɗaura, ko ado ka saya wa ɗaki?" To na ɗaura, da hannuna, ba bakanike ba yaron bakanike. Ƙirar kamfanin Momo ne mai ƙafa uku, milimita 350, baƙar fata, kuma in gaskiya za a bi, Ja, wato motata Mazda MX-5, ba ta taɓa yin kyau irin na yau ba. Gwiwata ta daina gugar sitiyari in zan taka kuloci. MX-5 ƙaramar mota ce, ni kuma kun san tsawon ƙafata.

Da hantsi har waƙa nake yi a gareji. Yaya ne ya zo ya jiƙa min aiki.

Shi aikin ba abin da ya gagara. Na miƙar da tayoyin gaba sak, na zare makulli, na buɗe but, don batirin Ja can baya yake, na cire wayar negatib na naɗe bakinta da tsumma kada ta koma ta taɓa. Sai jira. Cire batir ba ya kashe jakar iska (airbag) da ke tsakiyar tsohon sitiyari nan take. A cikin na'urarta akwai kafasito mai riƙe wuta na ɗan lokaci, kuma da gangan aka sa shi, domin ko batir ya tsinke a hatsari jakar ta samu wutar tashi. Wasu littattafan mota minti ɗaya suke cewa a jira, wasu daƙiƙa 90. Ni na ba ta lokaci har na gaji da zama. Abin da ke fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, ba a yi masa gaggawa kana sunkuye a kansa.

Na kwance kusoshin da ke riƙe da ita ta baya, ta taho hannuna, na zare filoginta a hankali. Na ɗauke ta fuskarta na kallon gaba, ba ƙirjina ba, na ajiye a ƙasa fuska sama. In aka kifa ta kuma ta tashi, ƙarfen bayanta ne zai yi tsalle.

Sai babban notin tsakiya, mai lamba 21. Kafin in taɓa shi na ja layi da maka daga kan sandar zuwa jikin sitiyari, don in san inda tsakiya take. Na kwance shi amma ban cire gaba ɗaya ba, na bar shi a bakin zare. Sitiyarin da ya haura shekara ashirin a kan haƙoran sanda ba ya fita da lallashi. Na girgiza hagu da dama, na ja, na bubbuga gefensa da tafin hannu, shiru. Da ya tashi saki kuwa, gaba ɗaya ya saki, notin nan ne ya tare shi. Ba don shi ba da yanzu da kumburarren hanci nake rubutu.

Bayansa kulok-sifirin yake, siririyar wayar nan da ke naɗe cikin gidanta kamar tef ɗin awo, mai kai wuta ga hon da jakar iska ko da sitiyari na juyawa. Zagayenta wajen biyar ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma dole a mayar da sitiyari tana tsakiya. In ta goce, ranar da ka murɗa sitiyari har ƙarshe za ta tsinke. Na manne ta da salatif tun kafin ta motsa. Hob, wato mahaɗin da sabon sitiyari ke hawa kansa, ya zauna daidai kan layin makata, na ɗaure noti da sifana mai awo, littafin ya ce tsakanin 39 da 49 Nm, na tsaya a tsakiya. Ƙananan kusoshi shida, ina ɗaure su ɗaya nan ɗaya can don su zauna daidai. Mai niyyar saye ya lura: ramukan Momo a kan da'irar milimita 70 suke, na kamfanin Nardi 74, ido ba zai gane ba sai ka zo ɗaurawa.

Hon ya yi kuka a dannawar farko. Na ji daɗin wannan fiye da kima.

Saura abu ɗaya a cikin kwalin hob ɗin: ɗan rezisto da bai kai rabin ɗan yatsa ba, da 'yan wayoyi biyu. Na sake cire batir ke nan ina jira in soka shi, sai ga Yaya. Ya zagaya motar, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna, ya shafa sabon sitiyarin ya ce ya yi kyau. Daga nan idonsa ya faɗa kan abin da ke hannuna.

"Wannan ɗan abin fa?"

Na ce, "Rezisto ne, Yaya. Kwamfutar motar kullum tana auna wayar jakar iska. In ta ji wayam sai ta kunna fitila a dashbod. Shi wannan ƙarfin tare wutarsa ɗaya da na jakar, om biyu zuwa uku, in na soka shi sai ta ɗauka jakar tana nan."

Ya karɓa, ya jujjuya shi. "Wato ƙarya zai riƙa yi mata."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Kun san ni da musu. Na ce ai duk motar tsere ba ta da jakar iska. Na kawo masa tarihin Momo ɗin kansa, yadda Gianpiero Moretti, wanda shi ma direban tsere ne, ya fara shi a Italiya a 1964, da yadda John Surtees ya ci gasar Formula 1 ta wannan shekarar a Ferrari da sitiyarinsa a hannu. Yaya ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce direban tsere na yau ɗaure yake da bel mai maɗauri biyar ko shida, a kujerar da ta rungume shi, da hular kwano, da abin tare wuya da aka wajabta a Formula 1 tun 2003. Ƙirjinsa ba ya isa sitiyari ko ya so. "Kai kuma me kake da shi? Tabarau?"

Na koma wata hanyar. Na ce jakar nan ta 1999 ce, wa ya san ko za ta tashi? Kuma ba duk jakar iska ce alheri ba, ga abin da ya faru da na Takata, waɗanda sinadarin amoniyam naitiret ɗinsu ke lalacewa da zafi da danshi har su tarwatsa gidansu su watsa wa mutum ƙarfe. A Amurka kaɗai an janye kusan miliyan 67, kamfanin ya durƙushe a 2017.

Ya ce, "Da aka janye su, cirewa aka yi aka bar rami, ko sabuwa aka sa?"

Ban amsa ba. Na ce dai motata ce, ƙirjina ne. Ko a Amurka, doka gareji da dillali ta hana su kashe na'urar kariya, ba ta hana mai mota a motarsa ba. Ya ce a Ingila kuma motar da aka ƙera da jakar iska aka ga babu ita, faɗuwa take a gwajin lafiyar mota na MOT, don haka kada in zaɓo masa ƙasar da ta yi min daɗi. Ban san ya san wannan ba. Yaya da ko mai ba ya duba wa motarsa da kansa.

Ya miƙo min rezisto ɗin, ya fita, ya rufe ƙofa a hankali. Sai ya sunkuyo ta taga.

"Auta fa? Ba kai ka ce in ta karɓi lasin za ka ba ta makullin Ja ba? Kullum sai ta yi min maganar."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai ce in cire ba, bai ce kada in ba ta ba. Ya tambayi ko tsaninsa yana wurina, ya ɗauka, ya tafi.

Tun lokacin nake juya maganar. Haɗarin ba sabon labari ba ne a wurina, na san shi tun kafin in sayi sitiyarin, na auna na ce na yarda. Amma ni kaɗai na sa a ma'aunin. Auta gajeruwa ce, kujera sai ta jawo ta gaba kafin ƙafarta ta kai kuloci, ga shi hob ɗin ya ƙara turo sitiyari wajen direba. Na ma gwada kare kaina da wannan: ai ana gargaɗin gajeru kada su matse da jakar iska, a bar aƙalla santimita 25 tsakaninta da ƙirji, don ita ma tana raunata wanda ya kusance ta. Hujjar ba ta yi nisa ba. Maganin wannan gyara zama ne. Ba wanda ya ce maganinsa a sa mata ƙafafun alminiyam uku da kan kusoshi shida a gaban fuska.

Akwai kuma maganar bel. A motoci da yawa an yi shi ne ya ɗan saki idan jan ya yi tsanani, don kada shi kansa ya karya haƙarƙari, bisa lissafin cewa jakar na gaba za ta karɓi mutum. Tare aka tsara su. Ka cire ɗaya, ɗayan bai san an cire ba, zai saki kamar yadda aka koya masa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kalamin farko, ba na Auta ba. Cire jakar zaɓi ne, mutane da yawa sun yi, wasunsu sun fi ni sanin mota nesa ba kusa ba. Shi rezisto wani abu ne daban. Hanya ɗaya tak motar take da ita ta gaya wa wanda ya zauna cewa ga abin da babu, ita ce fitilar nan, ni kuma ina riƙe da abin toshe mata baki. Ni na sani, to. Wanda na ara wa fa? Wanda zai saye ta wata rana, a hannun wanda ya saya a hannuna? Zai murɗa makulli, fitila ta kama ta mutu kamar yadda ta saba, ya ɗauka lafiya lau. Ko da yake duk mai ido ya ga sitiyari mai ƙafa uku da ɗan maɓallin hon a tsakiya ya san ba jaka a ciki. Auta ba za ta sani ba. Ita kyau za ta gani.

Don adalci, rezisto yana da nasa amfanin, kuma ba ƙarami ba. In fitila ta zauna a kunne dare da rana saboda ɓangaren direba, ranar da jakar fasinja ta samu matsala ba yadda za a yi in lura, fitilar da ma a kunne take. Wato in na ƙi sa shi na makantar da kaina a kan kujerar da uwargida ke zama. In na sa shi na rufe bakin motar a kan kujerar da Auta za ta zauna. Na daɗe a gareji ina kallon ɗan abin nan a tafin hannuna, kamar shi zai yanke min hukunci.

Ban sa ba. Na mayar da batir, na fita zagaye da fitilar a kunne.

Kuma kash, daɗin tuƙin! Abin haushin ke nan. Ƙaramin sitiyari ya ɗan ƙara nauyi a hannu, amma kwana kafin ka gama tunaninta motar ta shiga. Kaurin fatar ya cika tafin hannu. Ina jin abin da tayoyin gaba ke takawa fiye da da. Da a ce bai yi daɗi ba, da tuni na kwance shi na huta.

Tirafiketa ta yi wa yatsuna nisa, sai na ɗan saki hannu nake kai mata. Tana dai komawa da kanta bayan kwana. Sitiyari a miƙe yake, bai karkata ba, layin maka ya yi aikinsa. Agogon rediyo ya koma sifili, ban saita ba.

Uwargida ta leƙa ta ce ya yi kyau, sannan ta tambayi mece ce wannan jar fitilar. Na ce dogon bayani ne. Ta ce duk abin da na kira dogon bayani, gajere ne ba na son faɗa.

Inshora ma sai an sanar da su canjin, wannan ban ko fara tunaninsa ba.

Tsohon sitiyarin yana kan teburin aiki, jakar na gefensa fuska sama, nesa da batir da duk wata waya. Fatarsa ce kawai ta sale daga sama, ƙarfensa garau. Ana sake yi wa irinsa sabuwar fata, har a ƙara masa kauri in ana so, sai dai girmansa yana nan, gwiwata kuma tana nan. Akwai kuma na Nardi mai jakar iska da wasu MX-5 na wannan zubin suka fito da shi daga masana'anta. In na samu mai kyau, sai na tabbatar jakarsa da filoginsa sun dace da wayoyin Ja, kuma jakar da ba a san tarihinta ba ita ma abin tsoro ce. Na uku shi ne in bar Momo in gaya wa Auta ta haƙura, wanda ke nufin in kalli idon yarinyar nan in ce na fasa saboda gwiwata. Yaya ya san ba zan iya ba, shi ya sa bai ɓata bakinsa ba.

Gobe zan ƙara duba ɗaurin ƙananan kusoshin, sukan saki bayan tuƙin farko.

Sannan wanda ya ɗauki soket ɗina mai lamba 10 ya dawo min da shi. Mutum ɗaya ne ya shigo garejin nan yau, kuma tsani kaɗai ya ce zai ɗauka.