Kiran da ya same ni a kan tabarmar jinya

Ranar Asabar 17 ga Janairu 2015 ina rumfata ina goge ƙafar tebur, sai na hangi hayaƙi yana tashi ta wajen unguwarmu. Tun daren Jumma'a labarin Damagaram ya iso mu, cewa an ƙone majami'u a kan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga. Kafin ƙura ta lafa, wuta ta ci majami'u 45 a Yamai bisa ƙidayar hukuma, tamu na ciki, mutum 10 kuma suka rasu tsakanin biranen biyu. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, shi ya buɗe wa matata da yara ƙofa, suka kwana biyu a ɗakin uwargidansa. Ba na taɓa ba da labarin nan ban ambace shi ba.

Ni kafinta ne, don haka aikin sababbin kujerun majami'a ya faɗo kaina. Na riƙa zuwa kasuwar Katako ina sayo katako da kuɗin da 'yan'uwa suka tara, ina aiki har dare, zuciyata kamar za ta fashe don himma. Muna sujada ƙarƙashin rumfa, bango baƙi ƙirin a bayanmu, amma ban taɓa jin waƙa ta yi daɗi kamar lokacin ba. A waɗannan makonni na ƙudurta cewa Allah yana kirana in ajiye zarto in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki in zama fasto. Na faɗa wa kowa.

Yanzu da na waiwaya, na gane wannan wahalar tana da sauƙin ɗauka, domin tana da suna. Tsanani ake ce mata, akwai ayoyinta, akwai masu kiranka a waya daga nesa suna yi maka jaje. Wadda ta biyo baya ba wanda ya san da ita sai ni da matata da fitilar ɗakinmu.

'Yarmu ta biyu tun tana goye hannuwanta da ƙafafunta ke kumbura, muna cewa sanyi ne. A hunturun da ya zagayo ta kwanta, tana ihu in an taɓa ta, idanunta sun yi rawaya. Aka auna jininta aka ce sikila ce, wadda mu nan muka fi sani da emasi. A cibiyar masu sikila ta nan Yamai aka zaunar da mu aka yi mana bayani. Ƙwayoyin jininta kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne azabar da take ji cikin ƙashi. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, tata kuwa da ƙyar ta wuce 20, shi ya sa jininta ba ya isarta. Abin da ya fi sukana shi ne jin cewa daga wurinmu ta gada: ni AS, matata AS, wato muna ɗauke da ita a jini ba ta kwantar da mu, kowane ciki kuma akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai ciwon. Da muka yi aure ba wanda ya ce mana mu yi awo, mu ma ba mu san a yi ba.

Kuɗin da na tara na makaranta ya tafi wurin ƙarin ruwa da ƙarin jini da takardun magani. Nan fa masu fassara suka taso. Wani dattijo ya ce ni Yunusa ne, na yi jinkirin amsa kira, shi ya sa hadari ya taso wa gidana. Wata ta ce bangaskiyarmu ce ba ta kai ba, mu daina magani mu yi azumi. Daga ƙauye aka aiko cewa hannu ne aka sa wa yarinyar. Maganar dattijon ce ta fi cina, don na yarda da ita. Watanni ina kallon 'yata tana murƙususu ina cewa laifina ne take biya. Addu'a ta gagare ni. In na durƙusa, abin da ke fitowa kawai shi ne, "Har yaushe?"

A wani daren jinya na buɗe Zabura ta 88 ba da niyya ba. Na karanta ina jiran inda marubucin zai juya ya yi yabo, kamar yadda aka saba, sai na ga ta ƙare cikin duhu, ba ta juya ba. Na daɗe riƙe da littafin. Ashe Allah ya bar irin wannan addu'a cikin Maganarsa, bai share ta ba. Daga ranar na daina yi masa ado da baki. Ina gaya masa na gaji, ina gaya masa ina jin haushi, kuma ina komawa wurinsa gobe. Dogarar da na iya ke nan, ban kuma ƙara raina ta ba.

Da yarinyar ta samu sauƙi na je wurin tsohon fastonmu, na zayyana masa kome. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wane ne ya yi zunubi aka haifi makahon nan na Yohanna 9?" Na ce, "Baba, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba iyayensa ba ne." Ya ce to in ajiye maganar Yunusa. Sai ya yi mini tambayar da ban shirya mata ba: "In ka tafi shekara uku ko huɗu, wa zai ɗauki yarinyar nan zuwa likita ƙarfe biyu na dare?" Na yi shiru. Ya ƙara da cewa, "Kuma me mutane ke zuwa nema wurinka yanzu, ban da kujera?"

Na koma gida ina juya tambayar. Gaskiya ne, an fara zuwa. Wata mai tuyar ƙosai da muka haɗu a layin awo ta kawo ɗanta in duba mata takardar magani. Wani ɗan kabu-kabu ya buga mini ƙofa da dare don ɗansa ya fara ciwon, bai san abin yi ba. Yawancinsu ma ba Kirista ba ne. Abin da na sani kaɗan ne, amma da jikina na koye shi: a yawaita ba yaro ruwa, a lulluɓe shi da hunturu, a kwana cikin gidan sauro domin zazzaɓin cizon sauro na tayar da ciwon, kada a dakata in jiki ya yi zafi ko tafin hannu ya yi fari, a tafi likita nan take. Na kuma koyi rufe bakina. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi ba su ce uffan ba, ɓarnar ta fara ne sa'ad da suka soma bayani. Uwar da ɗanta ke ihu ba wa'azi take so ba, wanda zai riƙe mata ledar ruwa ko ya ba da jini take nema.

Ban yi mafarki ba, ban ji murya ba. Na lura da abu uku ne kawai, a hankali: abin da ke hannuna, abin da jama'a ke nema gare ni, da abin da matata da dattawan da suka san ni suka shaida. Himmar da na ji bayan gobara ba ƙarya ba ce, amma akwai son a gan ni a kan bagade cikinta, wannan kuwa na daɗe kafin in amsa shi gaban Allah. Manzo Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Har yau ina roƙon warkewar 'yata kowace safiya, ban fasa ba.

Abu ɗaya nake tsayawa a kai da ƙarfi, ko da ana jin haushina. Duk saurayi da budurwar da suka zo neman a ɗaura musu aure a ikilisiyarmu, sai na zauna da su a kan awon jini, tun kafin a kai kaya. Wasu na cewa wannan rashin bangaskiya ne. Nakan ce su zo su kwana ɗaya a gidana cikin watan Janairu, sa'an nan mu yi maganar.

'Yata ta zama budurwa yanzu, tana lakwal, takan yi watanni lafiya lau sannan ciwon ya dawo ba sallama. Makon jiya aka kira ni wajen wani yaro da aka kwantar, na ɗauki tabarmata zan fita, ta ce, "Baba, tsaya in zo. Ni na san inda ke yi masa ciwo." Uwarta ta ɗauko mata rigar sanyi da gorar ruwa, muka tari taksi.