Makarantar da abokan karawarta suka koya wa ƙwallo

Mu 'yan Kaduna mun san makarantun fada-fada, ai Rimi College ɗin nan ta Unguwar Rimi da can St. John's ce ta 'yan Katolika kafin gwamnati ta karɓe ta a farkon shekarun 1970, shi ya sa labarin jami'ar Notre Dame ya shiga raina sosai. Ita ma wani fada ne, Edward Sorin, ya kafa ta a 1842 a jihar Indiana ta Amurka, 'yar ƙaramar makaranta ta maza zalla, yawancinsu 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka.

Ƙwallon da nake nufi ba irin namu na taka leda ba ne, nasu ne na Amurka, mai siffar gwanda, wanda ake runguma a ƙirji a zura da gudu. A watan Nuwamba 1887 'yan wasan jami'ar Michigan suka zo makarantar, toh yaran fada ko dokokin wasan ba su sani ba, sai da baƙin suka tsaya suka gauraya da su suka nuna masu yadda ake yi, bayan nan aka buga na gaske Michigan ta ci 8 da 0. Kuma aka zaunar da baƙin suka ci abinci kafin su kama hanyar jirgin ƙasa. Wallahi wannan wurin ya fi burge ni a duk labarin, mutum ya koya maka abu da hannunsa, ya doke ka a kai, kai kuma ka karrama shi don ka san ka ƙaru.

Sai 1888 'yan Notre Dame suka samu nasarar farko, a 1890 da 1891 ma ko wasa ɗaya ba su buga ba. A 1909 suka ci Michigan ɗin 11 da 3, daga nan Michigan ta daina buga wasa da su shekara da shekaru, manyan jami'o'in yankin suka ƙi saka su a ƙungiyarsu, kuma ƙyamar 'yan Katolika tana ciki. Dole suka riƙa doguwar tafiya neman wanda zai kara da su.

Haka suka je West Point a 1913 wajen makarantar sojoji. Biyu daga cikin 'yan wasan Notre Dame, Gus Dorais da Knute Rockne, sun shafe hutun bazara suna aiki a bakin ruwa a Ohio, in sun tashi aiki sai su yi ta gwada jifa da cafewa a kan yashi, lokacin kuwa yawancin ƙungiyoyi ture da ƙarfin tuwo suka sani. Ranar wasan Dorais ya yi jifa 17, aka cafe 14, sojoji suka rasa inda za su tare, aka tashi 35 da 13. Rockne ɗin, haifaffen Norway, shi ya zama kocin Notre Dame daga 1918, ya ci wasa 105 aka ci shi 12 kacal, har ya rasu a hatsarin jirgin sama a Kansas a 1931.