Tarihin Rayuwata, Kashi na Huɗu: Rigar da Ba Wanda Ya Sa Ni Ɗinkawa

A makon jiya mun tsaya inda Madam ta yaye mu daga koyon ɗinki a Asawase, wata unguwa a Kumasi, ƙasar Ghana. An ci shinkafa, an ɗauki hotuna, washegari na wayi gari ba shago, ba kwastoma. Jarina duka keken Butterfly na ƙafa ne da Mma ta saya tun ina goye, sai almakashi, tef, da ɗan kuɗin susu, wato adashi, da na kwasa.

Na kafa keken a barandar gidanmu a Aboabo. Aikin da ya fara zuwa gyara ne: canjin zif, rage ƙugun kayan gwanjo, facin rigunan makaranta. Ban raina ba, da shi nake sayen zare. Amma tela a zango zaman jira yake yi. Sai an kawo yadi, a nuna hoto a waya, a ce "irin wannan nake so." Ni kuwa ina da littafi cike da zanen rigunan da ba wanda ya taɓa nema.

Ga abin da ya daɗe yana cin raina. Tun 2004, zamanin Shugaba Kufuor, gwamnati ta ƙarfafa ma'aikata su riƙa sa kayan gida ranar Juma'a. Idan ka bi ta Adum, tsakiyar birnin Kumasi, ranar, za ka ga ma'aikatan banki da ofisoshi cikin atamfa. Sai dai yawancin ɗinkin kaba da silit ne, wato riga da dogon siket, matsattse, hannu gajere. 'Yan'uwanmu mata na zango masu aikin ofis kuma, ko su sa wannan su yi ta jan mayafi, ko su koma baƙar abaya a zafin Kumasi. Na ce a raina, me zai hana a yi doguwar rigar atamfa mai hannu har wuyan hannu, wadda mace za ta zauna da ita a ofis, ta wuce masallaci ba ta canza kaya ba?

Da kuɗin susun na shiga babbar kasuwa wajen Goggo, ƙanwar Baba, mai sayar da atamfa. Ita ta koya mini duba bakin yadi da bayansa, don kasuwa cike take da kwaikwayon zanen GTP da ATL, masana'antun atamfar Ghana, da ake bugowa a Sin, masu arha, amma wanki kaɗan launin ya gudu.

"Ke 'yata, wa ya ba ki aikin?" in ji ta.

"Ba kowa, Goggo. Ni zan ɗinka in nemi mai saya."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo yadi shida na GTP ta ce in biya rabi, sauran idan riga ta fita.

Daga nan na je wajen mutanen Arewacin Ghana masu sayar da rigar batakari na sayi ƙyallen saƙin fugu, irin siraran nan da ake haɗawa a yi riga. Shi na yi niyyar bi da shi a wuya da bakin hannu. Saƙin hannu yana motsewa, baƙinsa yana zuba, don haka sai an jiƙa shi an shanya kafin allura ta taɓa shi.

Shekarar 2015 ce, dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya kai maƙura. Ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gas bai isa ba, akan ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Teloli masu keken lantarki suna zaune hannu a haɓa, ni kuwa ƙafata ce injina. Injin daje baki ne ya gagara, sai na koma ɗinki biyu, ina naɗe bakin yadin a ciki. Yana cin lokaci, amma ko ka juya rigar ba za ka ga zare na lilo ba, kuma har yau haka nake yi ko da wuta. Guga kuma da dutsen gawayi.

Wurin sa farashi ne Goggo ta zaunar da ni. Ta sa na lissafa yadi, fugu, lainin, zare, gawayi, har kuɗin trotro, motar haya. Da na gama ta ce, "Hannunki fa? Kyauta ne?" Wannan tambaya ta kamata a yi wa kowace yarinya ranar yaye, domin da yawa cikinmu suna ɗinki dare da rana amma kuɗin kaya kawai suke mayarwa.

Mma ta tsorata da farashin. "Wa zai sayi riga ba a auna shi ba?" Wata malamar makaranta a layinmu ta gwada, ta zauna mata, ta biya ba ta yi ciniki ba. Ranar Juma'a ta sa ta zuwa aiki, kafin la'asar hotonta ya zaga WhatsApp na abokan aikinta. Na kai wa Goggo cikon kuɗinta a ranar Asabar.

Azumi ya kama a watan Yuni, saƙonni suna shigowa, wasu har da kafin alƙalami ta MoMo, tura kuɗi ta waya, ga keke ɗaya, ga ruwan sama yana feso baranda. Yadda na fita kunyar mutane kafin Sallah, da yadda Baba ya shiga maganar kwantenar da na mayar shago, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.